Malam Na-Riƙo, Mai Riƙon Ɗakunan Karatu Goma Sha Huɗu

Haihuwa da Karatu

A watan Afrilu na shekarar 1949 aka haifi mutumin da daga baya ya shahara da laƙabin Malam Na-Riƙo, a wani ƙaramin gari da ke mahaɗar hanyoyin mota biyu. Mahaifinsa mai gyaran agogo ne a wata rumfa da ke jikin tasha, mahaifiyarsa kuma ungozoma ce. Su biyu iyayen suka haifa, shi da yayarsa mace wadda ta girme shi da shekara shida, kuma ita ta yi yawancin renonsa saboda yawan kiran da ake yi wa mahaifiyarsu.

Ya shiga firamare a 1956, ya kammala sakandare a 1968 da sakamako mai kyau in ban da lissafi, wanda ya hana shi wucewa gaba. Ya yi shekara uku yana tantance wasiƙu a gidan waya, sannan a 1972 aka ɗauke shi mataimaki a ɗakin karatu na garinsu, inda aikinsa na farko shi ne share kantoci da buga hatimi a bangon littattafai.

Aure

A 1973 ya auri 'yar wani kafinta maƙwabcinsu, wadda take sana'ar ɗinki, suka zauna a ɗaki biyu a bayan gidan mahaifinsa. Allah ya azurta su da 'ya'ya biyar tsakanin 1974 da 1986, ɗaya ya rasu yana jariri.

Shiga Haɗaka

A shekarar 1975 ɗakunan karatu goma sha huɗu na yankin suka kafa ƙungiyar taimakon juna wadda aka fi sani da Haɗaka, domin babu ko ɗaya a cikinsu da yake iya ɗaukar nauyin kansa shi kaɗai. Haɗaka ce take sayen littattafai a dunƙule ta rarraba, ita take riƙe da babban kundin katuttuka mai nuna inda kowane littafi yake, tana da ɗakin ɗinke littattafan da suka yage, da mota guda mai zagayawa Talata da Juma'a, kuma tana shirya wa ma'aikata kwas sau biyu a shekara. Matsalar da ta rage ita ce tara daga cikin ɗakunan ma'aikaci ɗai-ɗai gare su, idan ya kwanta ciwo ko ta tafi haihuwa sai a sa kwaɗo a ƙofa. Saboda haka a 1977 aka ƙirƙiri muƙamin mai riƙon ƙwarya, wanda za a riƙa turawa duk inda aka sami giɓi na tsawon da bai wuce mako takwas ba. Mutum biyu suka nema, ɗayan ya janye da ya ji babu alawus na kwana, aka ba wa wanda ya rage. Daga nan laƙabinsa ya samo asali.

Yakan tafi da akwatin ƙarfe ɗauke da tufafi, da tabarma, da gam, da hatimin kwanan wata nasa na kansa. Ƙa'idarsa ita ce ba ya sauya tsarin ɗakin da ya tarar, ko da ya saɓa wa abin da aka koyar a kwas. An ruwaito cewa ya taɓa riƙe wa wata ma'aikaciya da take jera littattafan yara bisa launin bango, ya yi mako shida yana mayar da ja cikin ja, kore cikin kore. Da Sakatariyar Haɗaka ta tambaye shi dalili, sai ya ce, "Hajiya, aro aka ba ni. Idan ta dawo ta rasa inda kayanta suke, ai ban riƙe mata ba, ƙwace mata na yi."

A gida kuwa, mai ɗakinsa ta saba da ganinsa kwana biyu ko uku a wata. Tana yawan tarbarsa da cewa, "Sannu da zuwa, Malam. Mu ma riƙon ƙwarya aka turo ka yi mana, ko za ka kwana biyu?"

Ɗakin Bayan Tsauni

A watan Agusta na 1987 ma'aikacin ɗaki mafi nisa a cikin Haɗaka, wanda ake kira Malam Dogo, ya gamu da shanyewar ɓarin jiki na dama, harshensa ya yi nauyi. Ɗakin nasa ɗaya ne tak a jikin asibitin wani ƙauye da ke bayan tsauni, kuma masu asibitin sun daɗe suna neman a ba su shi su mai da shi ma'ajiyar magani. Dokar hukumar gunduma ta tanadi cewa ma'aikacin da ya yi wata shida ba ya zuwa aiki za a sallame shi, ya kuma fita daga gidan ma'aikata, alhali Malam Dogo yana da mata da yara biyar.

Malam Na-Riƙo ya isa a mako na biyu. Da wa'adinsa ya cika ya nemi ƙari, aka ba shi har sau biyu. A wata na huɗu ya fara zuwa gidan Malam Dogo kowace safiya, shi da matar su kama shi su kawo shi kan kujera a bayan tebur. Ya sauko da littattafan da aka fi nema zuwa kantocin ƙasa, ya ɗaura wa hatimi mariƙi mai kauri, ya riƙa koya masa bugawa da hannun hagu. Malam Dogo ba ya wuce awa biyu yake gajiya a mayar da shi gida, amma a rajistar zuwa aiki Malam Na-Riƙo ya riƙa rubuta masa cikakken yini.

A wannan tsakani aka buɗe muƙamin shugaban sashen kundi a hedikwatar Haɗaka, aikin zama wuri ɗaya kusa da iyalin Malam Na-Riƙo, kuma kowa ya ɗauka nasa ne. Ranar ganawa da masu neman muƙamin ta faɗo daidai da ranar da sufeton gunduma zai zo duba Malam Dogo, wato 9 ga Maris, 1988. Malam Na-Riƙo ya aika da takardar neman afuwa a motar Talata, ya zauna.

Sufeton ya duba rajista, ya dubi mutumin da ke kan kujera, ya ce, "Wannan bawan Allah da ba ya iya ɗaga littafi, shi ka rubuta yana yini a bakin aiki?"

Malam Na-Riƙo ya ce, "Ranka ya daɗe, yinin ni na ƙara, ba zan musa ba. Amma ka tambaye shi kowane littafi ka ga dama."

Sufeton ya zaro kati daga akwatin kundi ya karanta sunan wani littafin kiwon kaji. Malam Dogo ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin ya ce, "Kanta ta huɗu, ƙasa. Ba ya nan. Matar direba ta ara." Aka duba, haka ne. Sufeton ya zaro kati shida a jere, Malam Dogo bai kuskure ko ɗaya ba.

Hukuncin da ya biyo baya shi ne an bar Malam Dogo a kan aikinsa na rabin yini tare da gidansa, kuma ya ci gaba da riƙe ɗakin har shekara tara. Malam Na-Riƙo kuwa an ba shi takardar gargaɗi bisa rubuta abin da ba daidai ba a rajista, aka haramta masa ƙarin girma na shekara biyar, aka ba wa wani muƙamin kundi. Bai ɗaukaka ƙara ba. A taronta na shekarar 1989 Haɗaka ta shigar da tanadin aikin rabin yini ga ma'aikaci mai jinya cikin tsarin mulkinta.

Rasuwar Mahaifinsa

Yana can bayan tsauni yana cike wa Malam Dogo sauran rabin yinin, a daminar 1988, ciwo ya kwantar da mahaifinsa. Ruwa ya cinye gada, saƙo bai same shi ba sai bayan kwana huɗu, ya iso an riga an yi jana'iza. Yayarsa, wadda ta yi jinyar ita kaɗai, ta ce masa a gaban jama'a, "Kowa ka riƙe masa ɗaki, na ubanka ne kawai ba ka riƙe ba." Daga ranar, shekara shida ba ta amsa masa komai ba sai gaisuwa.

A 1994 idanunta suka mutu. A lokacin Haɗaka ta fara ɗaukar karatun littattafai a kaset domin makafi, sai ya yi mata rajista ba tare da ya shawarce ta ba. Kaset biyu na farko ta mayar ba ta saurara ba. Bayan na uku ta aika a kira shi, ta ce, "Mai karatun nan sauri yake kamar ana korarsa. Kai da ka ce aikinka ke nan, zauna ka karanta mini." Tun daga nan duk ranar da yake gari yakan karanta mata bayan la'asar, har ta rasu a 2003.

Ƙarshen Aiki

Da Haɗaka ta mayar da kundinta kan kwamfuta a 2001, ya faɗi kwas ɗin farko, ya sake zama tare da sa'o'in 'ya'yansa, ya ci. Shekarunsa na ƙarshe ya yi su yana horar da sababbin masu riƙo, waɗanda adadinsu ya kai huɗu. Ya yi ritaya a watan Afrilu na 2009, bayan shekara talatin da biyu a muƙami ɗaya, ba tare da ya taɓa shugabantar ɗakin karatu nasa na kansa ba. Ya koma rumfar mahaifinsa da ke jikin tasha, inda yake ɗinke tsofaffin littattafan makaranta.

Rasuwa

Ya rasu ranar Litinin, 18 ga Nuwamba, 2019, a gidansa, bayan jinyar ciwon ƙoda ta wata uku, yana da shekara saba'in. An yi masa sutura washegari da hantsi a maƙabartar garin. Dukkan ma'aikatan ɗakunan goma sha huɗu sun nemi izinin halarta, kuma da yake masu riƙo huɗu ne kawai, su ma sun ce za su je, Haɗaka ta ba da umarnin rufe ɗakunan baki ɗaya na yini guda, abin da ba a taɓa yi ba tun kafuwarta.

Ya bar mai ɗakinsa da 'ya'ya huɗu: babban ɗansa, makanikin injin ban ruwa, mai bi masa, ma'aikaciyar jinya, na uku, malamin lissafi a sakandare, da Auta, wadda ta gaji keken ɗinkin mahaifiyarta. Ya kuma bar jikoki goma sha ɗaya. Allah ya gafarta masa, ya kyautata makwancinsa.