Shirwar da Maigida Ya Rataye

Da aka kawo ni Madarunfa daga Safo, ban san kowa ba sai tsohuwar da dangarmu ta haɗu da tasu. Azna ne su, masu bin addinin kakanni, mu kuma Musulmi, amma akwai wata kafa a dangar inda muke miƙa wa juna wuta da gishiri. Ita ta ba ni kazata ta fari, ita kuma ke tsaron ƴan tsakina. Da ta hangi shaho sai ta buga ƙwarya ta ce, "Amarya, ga ɓarawonki," in fito da gudu.

Abu guda ta roƙe ni. Ta ce, "Shaho kam ku kashe in kun samu. Shirwa kuwa kan gidanmu ce, tun kakanni ba mu taɓa ta, ba mu son ganin gawarta."

Ta zaunar da ni ta koya mini. Shirwa babba ce, kalar ƙasa, bakinta rawaya, wutsiyarta a tsage kamar ta kifi, tana ta lilo a sama kowa na ganinta. Shaho ƙarami ne, toka-toka, idonsa ja, ƙirjinsa zane-zane, wutsiya doguwa ba tsagi. Shi ba ya lilo. Yana laɓe cikin gawo, sai dai ka ji kaza ta yi ƙara. Shirwa ma takan sure ɗan tsako in ta samu sarari, ba na wanke ta, amma ɓarawon wannan shekarar shaho ne, da idona na gan shi.

To, sai maigidana. Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, amma in ya kafe ko jakinsa ya fi shi jin magana. Na faɗa masa roƙon tsohuwar da bambancin shaho da shirwa a tsakar gida, na faɗa a gona, har hannunsa na kama na nuna masa sama na ce, "Malam, dubi wutsiyar." Sai ya ce duk mai farce ɗaya ne, shi da ke kai gyaɗa har Maradi ba mace za ta koya masa tsuntsu ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na rasa yadda zan yi da shi.

Ran da na tafi tabki wanki, ya ɗana tarkon gashin doki, ya sa hanjin kifi. Hanjin kifi fa. Yaushe shaho ya taɓa sauka kan mushe? Ko yaron goye ya san wanda zai zo.

Ina dawowa na hango abu yana reto a kan dogon sanda, sama da danga, wai don sauran su gani su ji tsoro. Tun daga nesa na ga tsagin wutsiyar. Shi kuwa yana zaune ƙarƙashi yana murmushi, jira yake in yaba masa.

Na ce, "Malam, sauke ta, don Allah sauke ta."

Ya ce, "Ke da na kashe miki ɓarawo?"

Na jefar da wankin na ture sandan da kaina, amma ta riga ta daɗe a can, duk gidansu sun gani. Na zagaya na durƙusa gaban tsohuwar ina ba da haƙuri. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, "Na ji, matar Malam." Kafin la'asar an toshe kafar dangar da sabon kara.

Washegari ina surfe, ina kuma jin tsohuwar tana sheƙar hatsi a nata tsakar gidan, inda take hangen gawon sarai. Ba ta buga ƙwarya ba. Sai ƙarar kazar na ji, na ɗaga kai na ga doguwar wutsiya ta wuce da ɗan tsakon ƙarshe.