Kujerar da Ba a Sa wa Gam Ba

Duk layin ba wanda ya kai shi iya fara aiki, wannan ko maƙiyinsa zai shaida. Kafinta ne, amma Saura Kaɗan ake ce masa, don ita ce amsarsa ga duk wanda ya leƙo shagon. Shagon kuwa abin takaici: gado mai ƙafa uku, kabad ba ƙofa, tebur ya shekara huɗu yana jiran fenti.

Yana da wata ɗabi'a. In ya yanka katako ya goge, sai ya harhaɗa shi haka nan, ba gam ba ƙusa, don ya ga yadda abin zai fito. Sai ya ja da baya, ya riƙe ƙugu, ya yi ta jinjina wa kansa. To, aiki ya mutu ke nan. A ganinsa buga ƙusa aikin marasa basira ne, irin kafintan tsallaken titi da yake yi wa dariya, wai kujerunsa kamar akwatin tumatir.

Da gwiwoyin mahaifiyarsa suka fara ba ta wahala, ta roƙe shi kujera mai hannu wadda za ta dafa ta miƙe. Kwana uku ya duƙufa a kanta, har furanni ya sassaƙa a majinginar. Ya harhaɗa, ya kalla, ya ji daɗi, sai wani ƙyaure ya ɗauke masa hankali.

Bayan wata biyar ƙanwarsa ta zo shagon ba ya nan, ta ga kujera tsaye tsaf, ta sa aka kai gida. Inna ta zauna tana sa masa albarka. Da ta dafa za ta tashi, hannun kujerar ya zare, ta zube a kan siminti, kwatangwalo ya karye.

Ko a asibiti bai ji kunyar buɗe baki ba.

"Wa ya ce ki ɗauka?" ya ce wa ƙanwar. "Ai saura kaɗan."

"Yaya, gam ne fa kawai," in ji ƙanwar. "Wata biyar."

Ya rantse zai yi wa Inna sandar dogarawa da ba a taɓa ganin irinta ba. Ya kuwa sassaƙa ta. Ranar da aka sallamo ta ya shigo ɗakinta yana ɗaga sandar, sai ya tarar da wata kujera gefen gado, kawunan ƙusoshinta duk a waje. Ya san aikin wane ne.

"Inna, wannan abin fa?"

"Mummuna ce, na sani," ta ce. "Amma in na dafa ta, tana nan."

Ya dubi sandar hannunsa. Bai sa mata robar ƙasa ba, kuma mariƙin ma sanya shi kawai ya yi. A hankali ya mayar da ita bayansa.