Ranar da na hau ƙarfen sabis a Makera

Lokacin da soja suka koma bariki, wayar salula ta shigo, ni walda nake yi a unguwar Makera, cikin Kaduna. Wani kamfani mai haɗa wa masu layin waya na'urori ya ba ni aikin ƙera maƙalan eriya, kuma ni zan hau dogon ƙarfen sabis ɗinsu in ɗaura su. Kai, har tafiyata ta canza.

A wurinmu, mai hawa rufin ɗaki sai ya sanar tukuna, don matan gida su kintsa. Na bi maƙwabta gida-gida na faɗa. Injiniyan kamfanin, wani ɗan kudancin Kaduna mai shegen tsokana, ya ce ashe sanƙira suka ɗauka aiki. Na ce ya ji da wayoyinsa.

Ashe ƙarfen nan ba rufin ɗaki ba ne. Ina kaiwa sama sai ga unguwa a buɗe kamar an ɗage murfin tukunya, har layukan da ban je ba. Idona kuwa bai tashi sauka ba sai a tsakar gidan surukina.

Dattijon nan tsohon babba ne a masaƙar Kakuri, ko kansa ba hula ban taɓa gani ba. Sai ga shi durƙushe da gajeren wando yana wanke zannuwan Hajiya, matarsa, wadda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Ita tana kan tabarma tana shan hantsi. Kullum ce mana yake akwai mai zuwa yi musu wanki. Ya ɗago kai. Jar rigar aikina kuwa duk Makera an san ta.

Wallahi ji na yi kamar in saki ƙarfen. Kunya ta hana ni zuwa gidan har matata ta fara mita.

Ranar da na daure na je, na durƙusa na gaishe shi, kaina a ƙasa. Ya amsa kamar kullum. Sai da zan tashi ya ce, "Za a riƙa hawa ke nan?"

Na ce, "Jefi-jefi, Baba. In ba ni ba, wani."

Ya gyaɗa kai kawai.

Da na sake hawa, na ga an rufe tsakar gidan ruf da tsofaffin kwanon rufi. Matata ta dawo daga can ta ce Hajiya sai tambaya take me ya sa gidan ya yi duhu, Baba ya ce mata saboda damina ne. Ko hadari bai fara haɗuwa ba a lokacin.