Iyakar Gonar da Na Ƙirƙira

Abubuwa da yawa na aikin nan sun ɓace mini, amma ban taɓa mantawa da ranar da Malam Idi ya shigo laburarenmu da fartanya a kafaɗa ba. Talata ce, ƙarshen bazara, hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Lokacin ina mataimakin jami'in laburare a wani ƙaramin reshe arewa da Ɗanbatta, ɗaki ɗaya, kanta shida, da fankar da ban taɓa ganin ta juya ba.

Sai na koma baya kaɗan don ku gane. Shekara guda kafin nan, an turo mana takarda daga sama cewa kowane reshe ya yi shirin raya al'adu. Tsarin shi ne a nemi dattijo ya ba da tarihin gari, a mai da shi ɗan littafi, sannan ɗalibai su yi wasan kwaikwayo da shi. Na samu Baba Na-Allah, tsohon da ya fi kowa shekaru a garin, na ɗauki muryarsa a waya. Ya ce wa da ƙani ne, Gambo da Tanko, suka sari daji suka kafa garin. Ya faɗi rijiyar da suka haƙa da farin da suka sha.

Da na zauna rubutawa sai na ga labarin ba gishiri. Mutum biyu suna saran daji lafiya lau, wa zai bar aikinsa ya kalla? Sai na ƙara fitowa ɗaya inda suke rabon ƙasa. Na sa Gambo ya ce, "Daga kukar nan zuwa rafi naka ne, Tanko, kai da jikokinka." Ba wani dalili ya sa na zaɓi kukar ba, ita nake wucewa kullum a kan babur.

Muka buga kwafi arba'in. A ƙa'idar aikinmu, duk takardar da ta shigo laburare sai an buga mata hatimi an ba ta lamba, ko da tallan maganin shawara ce. Na bubbuga wa dukkansu, na rarraba ranar wasa. Aka yi wasa a filin firamare, aka tafa, aka watse. Baba Na-Allah yana kwance bai halarta ba, bayan kaka kuma Allah ya yi masa rasuwa.

To, shi ne Malam Idi ya tsaya a gaban teburina, ya ƙi kujera.

"Malam Sabi'u, kai ka rubuta littafin nan?"

Na ce ni ne, har da ɗan murmushina, na zaci yabo ya kawo.

"Gonar da ke tsakanin kuka da rafi ita nake nomawa. Ita ubana ya noma. Mu jikokin Gambo ne. Jiya Alhaji Sule na gidan Tanko ya kai littafinka gaban Dagaci, ya ce ga hatimin gwamnati ya tabbatar tasu ce. Dagaci ya ce kada kowa ya sa mata fartanya sai mai littafi ya zo ya yi bayani."

Kun san ƙasarmu, gona ta manne da gona, jerin gamba kawai ke raba su. Wannan gonar ita kaɗai gare shi, da iyali mutum tara.

Na kira shugabana a waya. Ya ce, "Kada ka kuskura ka kai sunan ofis zauren Dagaci. Rahotonka na shirin ya hau sama, an yaba. Ce musu kana jiran umarni."

Na fake da wannan magana mako uku cur. Gaskiya ba shugaba nake tsoro ba, kunyar tsayawa gaban dattawa in ce ni na ƙaga nake ji. A cikin makonnin nan ruwa ya sauka sau biyu, kowa ya yi shuka. Kullum in na zo wucewa ta kukar sai in ga gero ya tsiro hagu da dama, gonar Malam Idi kuwa tana nan fayau da tsibin takin da ya kai tun rani. Har hanya na sake, abin bai bar ni ba.

Ranar Laraba ta mako na huɗu na kulle laburare na tafi. A zauren Dagaci na kunna muryar Baba Na-Allah tun daga farko har ƙarshe, sama da awa guda. Dattawa suka sunkuyar da kai, wasu suna yi masa addu'a. Da ta ƙare Dagaci ya dube ni.

"Ban ji kuka ba, ban ji rafi ba. Wa ya faɗa?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Don wasan ya yi daɗi."

"Wato kai ka sa wa matattu magana a baki."

Alhaji Sule ya ɗaga littafin ya ce, "Amma ga hatimi."

Na ce, "Alhaji, hatimin nan a aljihun teburina yake kwana. Abin da yake nufi kawai, takarda ta shigo ɗakinmu."

Ba wanda ya yi dariya. Dagaci ya sa dattawa uku suka bi jerin gamba, aka bar wa Malam Idi gonarsa. Ya yi shuka a makare, geron bai yi rabin na bara ba. Bai zage ni ba, bai kuma gode mini ba. Gidajen biyu, da suke cin tuwon sunan juna, har na bar garin ba sa gaisawa. Ni kuma na sami takardar tuhuma saboda rufe ofis a lokacin aiki. In na je wa wani tsoho da waya neman tarihi sai ya ce, "Malam, je ka rubuta abinka, ai ka iya."

Na gaji da shirin, na gaji da kaina. Abin da zan gaya muku shi ne, mutanenmu sun san wasa, amma ba su san wasa a kan takarda mai hatimi ba, kuma suna da gaskiya. In za ku ƙara wa tarihi gishiri, ku rubuta ɓaro-ɓaro cewa naku ne, kada kuma ku ambaci itace ko rafin da mutum zai iya zuwa ya dafa.

Na bi gida-gida ina karɓar littattafan. Talatin da bakwai na samu. Uku suna nan a ƙasan adakar wani, kuma wata rana ni da Dagaci da duk wanda ya zauna a zauren nan ba ma nan.