Aikin Da Bai Bar Tabo Ba

Ni na fara ganin jinin, a wandon mai gidana, ina wanki bakin tabki. Masunci ne, kullum cikin ruwa, kowa ya ce basir ne. Ya sha jiƙo iri-iri har damina ta wuce, sannan wansa ya matsa muka tafi Maraɗi.

Likita ya duba shi, ya ce wani tsiro ne a ƙarshen hanji, bai wuce ƙwayar gujjiya ba. Ciwon daji ne, amma an gan shi da wuri. Ba sai an tsaga ciki ba, ta ƙasa za a bi a yanko shi. Haka kuwa aka yi. Kwana huɗu muka dawo Madarumfa, yana takawa da ƙafarsa. Sai dai likitan ya ba mu wani kati mai gida huɗu, ya ce duk wata uku a koma a sake dubawa, don abin yakan sake tohowa. Ni aka miƙa wa katin, tunda na yi yaƙi da jahilci, ina gane lamba.

A wurinmu, ɗinki shi ne shaidar aiki. Wanda aka yi wa aikin gwaiwa har nuna wurin yake yi, a ƙirga zare. Da abokansa masunta suka zo sannu, ina jin su ta bayan darni.

"Ɗaga riga mu gani, angon likita," in ji babban amininsa.

Ya ɗaga. Ciki sumul.

"To, ta ina suka shiga?"

Dariya ta kece. Shi ma ya taya su, amma da ya shigo gida bai taɓa tuwonsa ba.

Da wata uku ya cika, na kawo mishi fura, na ce, "Malam, ranar katin nan ta zo."

"Mi ke yi mini ciwo? In koma wani ƙato ya sake kwantar da ni, garin nan su samu na faɗi?"

Ban ƙara ba. Yadda aka rene mu, mace ba ta zancen wannan wuri da mijinta. Na mayar da katin cikin kwalla.

Shekara ta zagayo da ɗoriya, wata damina ta kama, na sake ganin jinin. Na cuɗa wandon da kyau, na shanya, na ce gobe zan yi magana. Ban yi ba har aka gama yankan hatsi. Sai da ya kasa zama cikin jirginsa na kamun kifi, wando yana zame mishi, muka koma.

Likitan ya juya katin, gida huɗu ba a rubuta komai ba. Bai yi faɗa ba. Ni ya kalla, na sunkuyar da kai. Bayan an duba ya ce ciwon ya dawo, har ya kai hanta.

Mai gidana ya ce, "To likita, yanzu ku tsaga cikin mana. Na yarda."

Likitan ya ce ko an tsaga ba abin da za a tsayar.

Bai ga damina ba. Watannin ƙarshe ni nake wanke shi, har wurin da na kasa ambata da baki. Bai taɓa ce mini don me na yi shiru ba, ni ma ban tambaye shi ko ya yafe ba.

Amininsa yana cikin waɗanda suka yi mishi wanka. Da ya zo gaisuwa ya tsuguna bakin ƙofa, idonsa ja, ya ce, "Uwar yara, ki yi haƙuri. Allah ya karɓi abinsa cikakke, jikin nan ko tabo ɗaya babu."

Don ya sanyaya mini rai ya faɗa. Na ce amin.