Rigar Takarda a Bakin Tashar Zhengzhou

Tsohuwar masifaffiya ce, kuma ba ta damu kowa ya sani ba. Guilan mai gasa dankali tana kallonta daga bayan murhu, a bakin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Tsohuwar 'yar guntuwa ce, baki duk wawulo, hannuwa a bushe irin na wadda ta tsufa a gonar alkama.

Yau ce ranar aika wa matattu tufafin sanyi, ta hanyar ƙona musu rigunan takarda. Tsohuwar tana durƙushe a kan siminti tana zana da'ira da alli, ta bar ƙofa ta wajen da kabari yake, yadda kowa ke yi. Sai dai ƙofar tata matakalar tashar take kallo.

"Inna, an hana wuta a nan," in ji mai gadi.

"Tun kana goye nake hura wuta a nan, mai kan ƙwarya. Ja can!"

Guilan ta san an kwashe kaburburan ƙauyen da ke nan a da kafin a dasa waɗannan benaye da tashar. Wataƙila ba duka aka samu ba.

Tsohuwar ta ƙyasta wa rigar takarda ashana. Babu iska, amma hayaƙin ya kwanta yana bin matakala ƙasa, kamar ana jan sa. Jirgi ya iso, mutane suna ta ɓulɓulowa. Ta miƙe ta ware hannuwa, muryarta ta yi laushi.

"Jama'a, ku ɗan raɓe gefe. Maigidana na hawowa, ƙafarsa ɗaya ba ta da kyau. Kada ku ture shi, tun bara yake jin sanyi."