Littafin Shamuwar Kawu Namadi

Kawu Namadi ƙanen mahaifiyata ne, kuma duk ƙauyenmu da ke gefen Sanyinna ba wanda ke kiransa da sunansa. Mai Shamuwa ake ce masa. Ni kuwa Goggo yake kirana, don sunan goggonsa na ci, bakinsa ba ya iya faɗinsa.

Da ƙuruciyarsa tarko ne sana'arsa. Fakara, kurciya, zabin daji, har dajin Kebbe yake bin su a ƙasa. Shamuwa ce kawai bai taɓa ɗaga wa hannu ba, to wa ma zai taɓa tsuntsuwar da ke zuwa da labarin damina? A shekarar 1991 wani malamin jami'a, Dakta Nasiruddeen, ya zo neman wanda ya san tsuntsayen yankin, aka nuna masa Kawu. Yini ɗaya suka yi a fadama, Dakta ya ce ya ajiye tarko, ga madubin hangen nesa, ga biro da littafi. Aikin shi ne duk shekara in shamuwa ta sauka, ya rubuta ranar, ya bi itatuwan gari ɗaya bayan ɗaya ya ƙirga sheƙar da tsuntsuwa ke ciki. Tsohuwar sheƙa da ba kowa, ba a sa ta. Sharaɗi ɗaya Dakta ya gindaya masa: abin da ido bai gani ba kada ya shiga littafin, don lamba ɗaya ta ƙarya tana ɓata duk na gaskiyar.

Kai, zamani! Shekarar farko sheƙa ɗari da arba'in da biyu ya rubuta. Ina 'yar firamare a lokacin, amma ina tuna tsamiyar bakin rijiya ta yi baƙi ƙirin da tsuntsaye, ƙasanta fari fat da kashinsu. Mata na tsaki suna rufe tulu da faifai, maza na fito da sungumi suna gyara ƙota. Kawu kuwa yana tsaye da madubinsa, wuyansa a sama, hularsa ta faɗi bai ma sani ba. Mutane sun yi masa dariya iya son ransu. Wai ƙato da iyali ya koma makiyayin shamuwa. Bayan shekara uku su ɗin ne ke tare shi a bakin masallaci suna tambaya ko a fitar da iri.

Aikin jami'a shekara shida ya yi ya tsaya. Kawu bai tsaya ba. Ba wanda ya aike shi, ba wanda ya ce sannu, amma duk damina sai ya cika shafinsa, ya aika wa Dakta lambar can Sakkwato, da farko ta hannun direba, daga baya ta waya. Ni da kaina na sha yi masa faɗa, ba zan ɓoye ba. Na ce Kawu, rimin kasuwa an sare, kukar bayan gari ta faɗi, fadamar ma an cinye ta da gonaki da feshi, me kake ƙirgawa kuma? Sai ya ce, "Raguwar ita nika ƙirgawa, Goggo."

Bara yanar ido ta rufe masa gani. An sa ranar aiki a asibiti sai bayan damina, shamuwa kuwa ba ta san wannan ba, ta sauka a lokacinta. Shekara talatin da uku ba shafin da ya tashi fanko. Ya aiko aka kira ni daga makarantar da nake koyarwa a Tambuwal, na hau mashin na zo da hantsi. Ya rataya mini madubin a wuya, ya kama gefen mayafina, muka fita.

Muka bi itatuwan yadda yake bi. Tsamiyar masallaci, sheƙa uku. Gawon gidan Atiku makwabcinsa, biyu. Kukar maƙera, biyu. Da muka iso tsamiyar bakin rijiya na ɗaga madubin. Tsofaffin kirare ne kawai ke rataye, ko tsuntsuwa ɗaya babu. Na dubi tsohon nan yana murmushi, fuska a sama, fararen idanunsa a buɗe. Wallahi tausayi ne ya kama ni, kuma ban yi shawara da kowa ba. Na ce, "Kawu, nan goma sha biyar."

Ya saki mayafina, ya lallaba ya dafa jikin tsamiyar, ya ja numfashi ta hanci sau biyu.

"Goggo, mi kig gani?"

"Na faɗa maka, sha biyar."

"Iccen da ka da sheƙa sha biyar shina wari, ko mai mura ya sani. Wanga icce ƙamshin tsamiya shika yi. Kuma ba ni jin motsin fiffike ko ɗaya."

Raina ya ɓaci, kunya ce ta juye mini faɗa. Na ce to laifi ne don na so ka kwana da farin ciki? Wa zai zo ya duba? Dakta ya tsufa, littafin nan ni da kai kaɗai muka san da shi!

Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ce in na rubuta ashirin da biyu, wanda ya buɗe littafin bayan ransa zai ce shamuwa ta fara dawowa, ba wanda zai tashi ya yi wani abu. Ya ce ɗari da arba'in da biyun farko ma, sai a fara tambayar ko ita ma tausayi ne ya rubuta ta.

Na zauna a kan bakin rijiyar, na buɗe shafin farko. Rubutunsa ne na samartaka, manya-manyan lambobi, biro ya kusa huda takardar. Na juya zuwa shafi na talatin da huɗu. Na rubuta ranar, na rubuta bakwai.

"Karanta mini," in ji shi.

Na karanta masa.

Ya gyaɗa kai, ya lalubo gefen mayafina ya riƙe.

"To, Alhamdu lillahi. Mu tai mu gaishe su, su bakwai ɗin."